Shagon saita dish a Shari' Mansur

Akwai wani ƙaramin shago a Shari' Mansur, nan Makka, da ke saita dish da risiba. Na je ne saboda Inna, wadda ba ta yarda azumi ya wuce ba ta kalli wasan kwaikwayon Haifa Hussein ba, 'yar wasan Bahrain ɗin nan haifaffiyar Muharraq. Bahrain tsibiri ne ƙarami, kasuwar fim ɗinsu ba ta da faɗi, dogon fim ɗinsu na farko ma sai a 1990 ya fito. Shi ya sa 'yan wasansu ke yawan aiki a Kuwait da Daular Larabawa, ita Haifa kuma mijinta Habib Ghuloom ɗan can Daular ne. Wato tasha ɗaya ba za ta ishe mu ba.

Yaron shagon ya gane haka tun kafin in gama bayani. Ya hau rufi da tsakar rana, ya kamo taurarin ɗan'adam na Arabsat da Nilesat, ya jera tashoshin Bahrain, Kuwait da Dubai a lambobin farko. "Hajiya, ɗaya zuwa uku kawai za ki riƙa dannawa," in ji shi. Wannan kulawar ta burge ni ƙwarai.

Sai dai bayan Isha'i shagon cike yake, gara a je da hantsi.