Ramen a Tokiyo: shagon kowa da kowa ko gidan halal?

Ɗan'uwa, ka ce za ka je kwas na mako biyu a Tokiyo, kana tambaya ko ka shiga shagon ramen, wato taliyar Japan da ake ci cikin romo, wanda kowa ke shiga ka nemi na kaza, ko ka nemi gidan halal. Ni dai gidan halal nake ba ka shawara.

Yawancin maganar ramen a romo take. A manyan shaguna irin Ichiran da Ippudo, waɗanda asalinsu daga Fukuoka ne, romon tonkotsu ake yi: ƙashin alade ake dafawa awanni masu yawa har ɓargo da kitse su narke, romon ya yi fari kamar madara. Wannan a fili yake, ba mai ruɗuwa. Inda mutanenmu ke shiga tarko shi ne sauran nau'o'in. Shoyu na Tokiyo, miso na Sapporo, shio na Hakodate, duk sunayen abin da aka ɗanɗana romon da shi ne: baƙin ruwan waken suya, ko tsimammen wake mai ƙamshin daddawa, ko gishiri. Ba sa gaya maka ƙashin da ke cikin tukunya, kuma sau da yawa na kaza da na alade tare ake zubawa. Yankan naman da ake ɗorawa a sama, chashu, galibi na alade ne, sannan mahaɗin yakan ƙunshi mirin ko sake, giyar shinkafa ke nan. Ko ka ce a cire naman, romon na nan yadda yake. Ga shi a irin shagunan nan na'ura ce a bakin ƙofa, ka saka kuɗi ta ba ka tikiti, mutane na layi a bayanka, ina ka ga damar tsayawa tambaya?

A gidan halal kuwa, kamar Honolu a unguwar Ebisu ko Ayam-Ya a wajajen Okachimachi, kaza ake dafawa har romon ya yi kauri, shi ake kira tori paitan. Wallahi ba abin rainawa ba ne, Japanawa da kansu suna cin sa don daɗinsa. Wahalarsa dai gidajen ba su da yawa, sai ka hau jirgin ƙasa ka neme su, don haka ka duba lokacin buɗewarsu kafin ka fita. Kwanon ramen a gari yana kaiwa wajen yen 1,000, na halal yakan ɗan ɗara haka. Idan ka shiga, ka nemi takardar shaidar halal a bango, domin wasu sun cire alade ne kawai.

Akwai kuma T's Tantan a cikin tashar jirgin Tokiyo, ba nama sam, amma nan ma ka tambayi batun giya.

Ko wanne ka shiga, ladabin ɗaya ne. Ba wurin zaman hira ba ne kamar teburin mai shayi, ana ci da zafinsa a tashi a ba na baya wuri. Zuƙar taliya da ƙara ba abin kunya ba ne a can, ruwan sha kyauta ne, kuma ba a barin wa ma'aikaci ihisani a kan tebur. Allah ya kai ka lafiya.