GARGAƊI: Yuro 730 na biya a kan hanyar da kowa ke bi kyauta

Jama'a musamman mazauna Italiya, ku ji abin da ya same ni, kwana tara ke nan ban yi barcin kirki ba. Yuro 730 wallahi. Ni da nake tashi ƙarfe huɗu na asuba in tafi kamfani a Novara, ni aka yi wa wannan wankin.

Surukina ne ya zo daga Kano, wata ɗaya zai yi, dattijo ne mai son gona da dabbobi, tunda ya sauka yake cewa shi duk gine-ginen Milan ɗin nan ba su dame shi ba, a kai shi ya ga ƙauyen Turawa, ya ga yadda suke kiwo. Sai na ci karo da wani shafi a Facebook, wai suna kai mutane yawon ƙafa ƙauyukan wata ƙabila da ake kira Walser da ke Alagna, can gindin tsaunin Monte Rosa. Kwana biyu, mota, masauki, ɗan jagora, abincin halal, har wurin sallah. Mutum ɗaya 160, mu huɗu 640.

Kuma kafin wani ya zo ya ce min wawa, na bincika. Wurin gaskiya ne, akwai shi. Kwarin Otro, ƙananan ƙauyuka irin su Follu da Dorf da Scarpia, mota ba ta zuwa sai dai ƙafa. Mutanen nan tun ƙarni na 13 suka tsallako daga Valais ta ƙasar Suwizalan, da wani irin tsohon Jamusancinsu, gidajensu ƙasa dutse sama katako, da baranda zagaye inda suke shanya ciyawar dabbobi. Duk abin da mai shafin ya faɗa min na duba na ga haka yake, har gidan tarihin Pedemonte da aka gina a 1628 ya ambata. To ta ina zan gane?

Saƙon muryar da ya turo min ne ya kashe ni. Da Hausa fa, Hausa tsantsa. "Yallaɓai ai mu 'yan gida ne, yanzu haka ina kan dutsen da wasu baƙi, ka ji shanu ko?" Kuma ina jin ƙararrawar wuyan shanu a bayansa, ƙalan ƙalan, ga iska. Na kunna wa Baba ya ji, ya yi murmushi ya ce Allah Ya yi albarka. Na saurari saƙon nan ya fi sau talatin daga baya, daƙiƙa 41 ne, yanzu ma da nake rubutun nan na sake kunnawa. "Ka ji shanu ko?" Ashe ni ne saniyar.

Ranar Asabar muka tsaya gaban tashar jirgin ƙasa ta Novara tun bakwai saura, uwargida ta soya kaza, Baba ya sa sabon takalmin da na saya masa. Au na manta, kafin nan ranar Laraba ya kira wai inshora, dokar dutse ce dole, 90. Ko Alhamis ce ma, oho, ranar dai da na fito aikin dare. A nan ya kamata in farka amma na riga na ba da 640, mutum ya ba da 640 zai tsaya gardama a kan 90? Duka biyun kuma ba asusun kamfani ba ne, irin katin nan ne da ake loda wa kuɗi a shagon sigari, ya ce wai asusunsu na da matsala saboda hutun Agusta. Kuma kowa ya san tsakiyar Agusta komai tsayawa yake a ƙasar nan, shi ya sa na yarda, ba don ban da hankali ba.

Bakwai da rabi ya ce direba na shan mai. Takwas da kwata waya a kashe. Tara na duba WhatsApp hotonsa ya ɓace, shafin Facebook ma babu shi. Baba bai ce komai ba, ya zauna kan benci yana jan carbi, can ya ce "Bari dai mu ci kazar nan kar ta lalace." Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Abin da ya fi ƙona min rai, washegari don kunya na roƙi wani abokin aikina ya kai mu da motarsa. Muka isa Alagna, na tambayi wata tsohuwa ina ake yankar tikitin hawa Otro, ta kalle ni kamar na faɗo daga sama, ta nuna min allo da hanya. Babu tikiti, babu ƙofa, babu wata inshorar dole. Matakala ce ta dutse cikin daji, awa ɗaya da rabi ga mai ƙarfi, mu mun yi fiye da biyu saboda gwiwar Baba. Muka fito sarari ga ciyawa kore shar, ga gidajen katakon da rana ta ƙona suka yi baƙi, rufinsu fale-falen dutse, ga 'yar coci fara, ruwa na zuba a kwami mai sanyi kamar ƙanƙara, nan Baba ya yi alwala. Ya tsaya yana shafa katakon wani gida yana cewa wannan ai rumbu ne da ɗaki a haɗe. Shi yana murna, ni ina lissafin 730.

Na kai ƙara wurin Carabinieri, wato jandarmomin Italiya, sun karɓa, sun ce in kawo duk hujjoji. Duk wanda ya taɓa ku ma ya je, wata uku doka ta bayar a kai ƙara, kar ku zauna. Kar ku loda wa kowa kati, ko da Hausar Kano yake magana. Hotunan hirarmu da rasit biyun zan sa su anjima in na rufe sunan matata, da saƙon muryar, ku ji shanun da kunnenku ku faɗa min in ku ne ba za ku yarda ba.