Beauvoir, Butler ko Mahmood: wanne za a fara saya?

Littattafan falsafar mata da jinsi ba su da araha, yawanci daga waje ake kawo su. Ɗalibin da aljihunsa ba zai ɗauki fiye da ɗaya ba, gara ya san abin da ke ciki kafin ya biya.

Wanda kowa ke ambata shi ne The Second Sex na Simone de Beauvoir, da ya fito a Faransa a 1949. Hujjarta ita ce, ba haihuwa ke mayar da mutum mace ba, tarbiyya da al'umma ne ke ƙera ta a hankali. Sai dai a duba fassarar da kyau. Ta Ingilishi ta farko, ta 1953, wani masanin dabbobi ne mai suna H. M. Parshley ya yi ta, an datse sassa da yawa, kalmomin falsafa kuma sun jirkice. A nemi cikakkiyar ta 2009, ta Constance Borde da Sheila Malovany-Chevallier. 'Yan'uwa na Nijar masu karanta Faransanci sun huta da wannan, asalin yana nan juzu'i biyu.

Gender Trouble na Judith Butler, na 1990, shi ne ginshiƙin nazarin da ke tuhumar raba mutane gida biyu, namiji da mace. Ba na ba mai farawa shawarar sayensa. Jimlolin dogaye ne, kuma an rubuta shi kamar kowa ya haddace rubuce-rubucen masanan Faransa Foucault da Lacan. Mai sha'awar zanga-zanga da taron jama'a ya nemi wani littafin Butler, Notes Toward a Performative Theory of Assembly na 2015, inda ta duba cincirindo irin na dandalin Tahrir da ke Alƙahira, ta ce tsayuwar mutane a fili magana ce tun kafin wani ya buɗe baki. Wannan ya fi Gender Trouble sauƙin bi nesa ba kusa ba.

Ni dai Politics of Piety na Saba Mahmood, na 2005, zan saya. 'Yar asalin Pakistan ce, ta zauna da matan da ke koyar da 'yan'uwansu addini a masallatan Alƙahira a tsakiyar shekarun 1990. Tambayarta mai nauyi ce: macen da ta zaɓi kunya da haƙuri da tsayar da salla, ta horar da kanta a kai, za a ce ba ta da ikon kanta don ba ta yi bore ba? A nan ta ja da Butler, wadda ta fi ganin ikon kai a wajen bijire wa ƙa'idojin al'umma, cikin mutunci amma ba sassauci. Duk wanda ya san Islamiyyar matan aure a Kano ko Zariya zai gane matan nan tun daga shafukan farko, ko da bai yarda da duk abin da marubuciyar ta yanke ba.

Babin farko yana da tsauri. A fara da babukan da ke kawo darussan masallatan, daga baya a dawo masa.