AlphaFold a ajina: abin da ya nuna mana da abin da ya kasa

Shekara tara na yi ina zana hemogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, a allo da alli, kuma kullum abu ɗaya ke fitowa: da'ira huɗu manne da juna, kamar dawon fura a ƙwarya. Ɗalibai su kwafa, su haddace, su zubo min a jarrabawa. Wani abokin aikina ne da ya dawo daga karatu a waje ya turo min adireshin rumbun AlphaFold, wani shafin intanet mai nuna siffofin furotin, ta WhatsApp, ya ce in gwada. Sai da na yi wata biyu ban buɗe ba, don na ɗauka irin shafukan mujallun nan ne da za ka shiga, kana isa daidai abin da kake nema su ce kawo dala.

Ashe kyauta ne, ko rajista ba a yi. Ka rubuta sunan furotin ko lambarsa, siffarsa ta fito, ka sa yatsa ka juya ta yadda kake so. Ni da P68871 na fara, lambar sarƙar beta, ɗaya daga cikin sarƙoƙi huɗu na hemogulobin ɗin ɗan Adam.

Ga wanda ba fanninsa ba, furotin kamar carbi yake. Ƙwayoyi iri 20 ne, ana kiran su amino asid, aka jera a zare, zaren kuma ya nannaɗe kansa ya ɗauki wata siffa, siffar ce ke yin aikin. Sanin jerin ƙwayoyin bai da wuya yanzu. Ganin siffar ne jan aiki. Max Perutz ya fara bin ta hemogulobin a Kambirij a 1937, bai gan ta ba sai 1959. Shekara 22 a kan furotin ɗaya! Tsohon rumbun PDB, wanda aka kafa a 1971 don tara siffofin da aka gano ta gwaji, sai da ya haura shekara 50 kafin ya tara 200,000. Kamfanin DeepMind na Landan ya horar da ƙirƙirarriyar basirarsa mai suna AlphaFold da waɗannan siffofi don ta riƙa hasashen siffa daga jerin ƙwayoyi, ta shiga gasar hasashen siffar furotin ta CASP ta 2020 ta yi wa sauran fintinkau. A Yulin 2021 suka buɗe rumbun tare da cibiyar tara bayanan halittu ta Turai, EMBL-EBI, da siffofi kusan 350,000, shekara na zagayowa suka haura miliyan 200. Wannan ne ya ba Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024, ɗaya rabin kuma David Baker ya ɗauka.

A waya yana buɗewa, sai dai in intanet na jan ƙafa hoton kan daɗe bai fito ba. Dabarata ita ce in sauke fayil ɗin da dare, in buɗe shi a kwamfuta da manhajar ChimeraX, ta yadda ko an ɗauke wuta a aji muna da abin kallo har batir ya mutu.

Ranar da na fara kai shi aji na ari majigi. Sarƙar ta fito a bango, shuɗiya shar, murɗe-murɗenta kamar igiyar guga. Na juya ta, aji ya yi tsit. Can wata ɗaliba daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ina sikilar take a nan?"

Tambaya ce da ta dace da ajin, domin babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan yaran da ake haifa da sikila, kuma da wuya ka sami ɗalibin da bai san mai ita ba. Ni kaina ɗan yayata na da ita. Na ce mai sauƙi, tun 1957 Vernon Ingram ya nuna cewa ƙwaya ta 6 ce a sarƙar beta take canzawa, gulutamik asid ya koma balin. Na danna lamba 6 da ƙarfin gwiwa, sai ga wata ƙwaya daban, furolin. Na sake dannawa, furolin dai. Gumi ya fara keto min. Wani yaro a gaba ne ya cece ni, ya ce, "Malam, ko ta 7 ce?" Ita ce kuwa. Littattafanmu ba sa ƙirga ƙwayar farko, wato metiyonin, saboda jiki na yanke shi bayan an ƙera sarƙar, rumbun kuwa da shi yake fara ƙirga. Duk malamin da zai kai wannan aji ya riƙe wannan, kada ya sha kunyar da na sha.

Bayan mun gano wurin ne na fahimci iyakar abin. Ƙwayar tana can a bayan furotin, a fili, kuma ko ka musanya ta siffar sarƙar kusan ba ta motsawa. Ciwon ba a nan yake ba. Balin ba ya shiri da ruwa, don haka da zarar hemogulobin ya sauke iskar oksijin, sai wannan ƙwaya ta nemi wani ɗan lungu a jikin hemogulobin na kusa ta maƙale, wancan ma ya maƙale wa na gaba, su yi dogayen sanduna a cikin ƙwayar jini har ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Shafin da muka buɗe sarƙa ɗaya tal ya nuna. Babu sauran ukun, babu ƙarfen da ke kama oksijin, balle maƙwabci. Su kansu masu rumbun sun rubuta cewa ba a tabbatar da shi wajen hasashen illar canjin ƙwaya ɗaya ba. Don hemogulobin, gaskiya PDB ya fi, can akwai shi da sarƙoƙinsa huɗu, har da na sikila, kuma shi ma kyauta ne. Abin kunya, sai da sabon ya zo na koma na riƙa buɗe tsohon.

Inda AlphaFold ke da rana shi ne furotin ɗin da ba wanda ya taɓa ganin siffarsa, kuma su ne mafi yawa. Ƙwayar cutar maleriya, Plasmodium falciparum, na cikin halittun da aka fara sakawa a 2021, kuma masu bincike a Jami'ar Oksfod sun yi amfani da shi wajen warware siffar Pfs48/45, furotin da ake nazari don rigakafin da zai hana cutar wucewa ta jikin sauro. Mu da ba mu da na'urar ganin siffar furotin a ɗakin gwaje-gwajenmu, wannan ba ƙaramar ƙofa ba ce.

Amma sai an iya karanta launi. Kowane sashe an shafa masa launi gwargwadon yadda manhajar ta yarda da hasashenta, daga 0 zuwa 100. Shuɗi mai duhu ya haura 90, shuɗi mai haske 70 zuwa 90, ruwan ɗorawa 50 zuwa 70, ruwan goro kuma ƙasa da 50. Ka buɗe wasu furotin na maleriya, za ka ga ɗan dunƙule shuɗi a tsakiya, an kewaye shi da ruwan goro zaƙo-zaƙo kamar taliyar da ta zube. Wannan taliya ba siffa ba ce. Ko dai manhajar ba ta sani ba, ko kuma sashen dama ba shi da tsayayyar siffa a jiki. Bara wani ɗalibina ya kawo min babi na huɗu na kundinsa yana murna, ya liƙa sinadarin ganyen darbejiya a jikin wani furotin a kwamfuta, ya rubuta cewa ya gano maganin maleriya. Na ce ya buɗe min hoton da launinsa na asali. Wurin da ya liƙa ruwan goro ne tsantsa. Mako uku ya ɓata yana ɗaura akuya a jikin hayaƙi. Laifin nawa ne, na nuna musu kyan hoton kafin in koya musu launin. Yanzu da launi nake farawa.

Akwai kuma AlphaFold 3, wanda ya fito a mujallar Nature a Mayun 2024, mai iya haɗa furotin da DNA da wasu ƙananan sinadarai. Shi sai da asusun Google, akwai adadin aikin da za ka iya tura masa a rana, kuma ba don kasuwanci ba. Fitowarsa ta jawo surutu, don an buga takardar ba tare da sakin lambobin manhajar ba, masana suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna cewa abin da ba za a iya bincika ba bai kamata mujalla ta karɓa ba. A Nuwamban shekarar aka saki lambobin ga masu bincike. A ganina masu wasiƙar na da gaskiya. Ga malamin aji irina dai, rumbun ya wadatar, kuma da kuɗi ake biya ma da na yi karo-karo da abokan aiki mun biya.

Kwanaki na je duba ɗan yayar tawa bayan an sallamo su daga asibiti. Na buɗe masa sarƙar a waya, na nuna masa ƙwaya ta 7, na ce ga mai takura maka nan. Mahaifiyarsa na gefe tana ninke kaya, ta ce, "To wannan abin naku zai sa ya daina ciwon?" Na ce a'a Yaya, a ci gaba da folik asid da yawan shan ruwa da gidan sauro, kada kuma a fasa zuwa ganin likita. Ta ce dama ta sani. Shi kuwa yaron ya karɓe wayar, ya ce, "Kawu, bari in juya," bai dawo min da ita ba sai da cajin ya koma kashi 4.