Ɗinkin rigar akdikon a Yamai: hannu akwai, amma a je da samfur

Akwai wani shagon tela ta wajen kasuwar Wadata da ke karɓar ɗinkin kayan limaman coci. Yawancin aikin da ya saba da shi na Katolika ne, kuma daga nan matsalar ƴan Angilika ke farawa, musamman in rigar ta akdikon ce.

Akdikon shi ne wanda tun da can ake wa kirari da "idon bishop". A farkon ikilisiya ba firist ba ne ma, babban dikon ne, wato mai hidimar coci da ke ƙasa da firist, mai riƙe da dukiya da rabon sadaka, irin su Lauran na Roma da aka kashe a shekarar 258. Daga baya aka yanka masa yanki a cikin dayosis, wato ƙasar da bishop ke kula da ita, yana zagayawa yana duba gine-gine, littattafan kuɗi da halin limamai. A Ingila a da a kan doki ake wannan rangadin, shi ya sa har tsakiyar ƙarni na 20 ake gane akdikon da gajeriyar riga da abin rufe ƙwauri mai maɓallai. A wannan yankin namu kuwa, Dandeson Crowther, ɗan Bishop Samuel Ajayi Crowther, ya zama akdikon na inda kogin Kwara ke shiga teku a 1876, Henry Johnson kuma na sashen sama a 1878. "Niger" ɗin da ke cikin laƙabinsu na Turanci kogin Kwaran ne, wannan dai da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kennedy, ba ƙasar ba. Riga ke nan ta muƙami mai tarihi, kuma duk alamar da ke jikinta tana da ma'ana. Tela bai san wannan ba sai an gaya masa.

Wajen yanka da ɗinki ba a kushe shagon. Kafaɗa na zama daidai, layin keke miƙe yake, tattara uku na baya suna faɗuwa yadda ya kamata. Mutum mai tsawon metir 1,75 zai ci metir huɗu da rabi zuwa biyar na yadi mai faɗin santimetir 150. Farar rigar sama mai faɗin hannu tana cin wajen metir huɗu. Awo bakwai ake ɗauka: wuya, kafaɗa, ƙirji, ciki, hannu, daga ƙeya zuwa ƙugu, da daga ƙeya zuwa idon sawu. A yi awon da takalmin da za a shiga coci da shi. In an auna da silifa, rigar kan fito gajera.

Inda ake tuntuɓe shi ne gaba. In ba a yi magana ba, telan zai jera maɓallai 33 a tsakiya, irin na Katolika, adadin shekarun Yesu a duniya. Ta Angilika iri biyu ce: ko dai mai ninki, gefe ɗaya ya hau kan ɗaya a ɗaure a kafaɗa da ƙugu, ko mai layi ɗaya da maɓallai 39, don tunawa da ƙa'idodin bangaskiya 39 na 1571. Tun da ramin maɓalli ba ya gyaruwa, kuskure a nan sai dai a sake gaban rigar ɗungum.

Sai launin dajiyar bakin riga, da na maɓallai da ɗamara. Wannan kowane dayosis da tsarinsa, ana bambanta akdikon da kanon (limamin babban cocin bishop) da sauran limamai ta nan. Kada a ce wa tela "shunayya" ko "ja" da baki kawai, kuma kada a dogara da hoton waya, domin allo na sauya launi. A nemi ƙyalle daga ofishin bishop, ko tsohuwar rigar wani mai muƙamin, a ajiye masa. Rigar da ta yi kama da ta bishop abin kunya ce a ranar naɗi. A kuma jiƙa dajiyar a ruwan gishiri a shanya kafin a ɗinka, don mai arha tana zuba, ta ɓata farar rigar sama tun wankin farko.

Yadi: shagon na son tura mutum ga targal mai kauri da cikakken shafi, wai ya fi tsayuwa. Gaskiya ne, amma a watan Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, wanda zai tsaya sujadar awa uku zai jigata. Gabadin mara nauyi mai haɗin auduga ya fi, shafi kuma daga kafaɗa zuwa ƙugu kawai. A wanke yadin kafin a yanka. A bar santimetir biyar a kalmasar ƙasa, a buɗe tsaga biyu a gefe don hannu ya kai aljihun wando. Tsagar nan ana yawan mantawa da ita.

Wuyan yana buƙatar gwaji da ainihin farar kwalar da limami ke sawa, ba da kwali ba. Gibin gaba kada ya wuce santimetir huɗu.

Alkawari kuwa irin na teloli ne. Mako biyu kan zama uku, ga ɗauke wuta, kuma in aikin ya faɗo gab da Sallah to sai haƙuri. A ba da aiki wata guda da rabi kafin ranar naɗi, a biya rabin kuɗi, a ce sai an yi gwaji sau biyu: ɗaya kafin a haɗa hannu, ɗaya kafin a huda ramukan maɓalli.