Ƙwan fulorasan ko mai zare: wanne zai zauna lafiya da makunnin zamani?

Kafin ka sayi ƙwan fitila ko guda, ka sa mai wayarin ya buɗe akwatin makunnin da ke bango, ya duba ko akwai wayar nutural a ciki, wato wayar da wuta ke bi ta koma. Rabin shawarar a nan take.

Makunnin da ake sarrafawa da wayar hannu ko rimot yana buƙatar wuta ko da fitila a kashe take, domin yana zaune ne yana jiran umarni. In babu nutural, sai ya riƙa zurara 'yar wuta kaɗan ta cikin ƙwan. Ƙwai mai zare, wato irin na da mai siririn zaren ƙarfe a ciki, bai ma san ana yi ba, don wutar ba ta isa ta ɗumama zarensa ba. Shi kuwa fulorasan, wato ƙwan nan mai lanƙwasasshen bututu da ba ya shan wuta sosai, akwai ƙananan kayan lantarki a gindinsa, su suke tara 'yar wutar nan, in ta taru sai ƙwan ya yi wal ya ɗauke, jim kaɗan ya sake. Ka kashe fitila ka kwanta, ƙwai yana ta ƙifta maka ido har asuba, yana kuma cinye kwanansa a banza.

Makunni mai rage haske ya fi wannan tsanani. Yanka wutar yake yi gutsi-gutsi, zare kuwa bai damu ba, har ƙara masa kwana hakan yake yi. Fulorasan da ba a rubuta a kwalinsa cewa ana iya rage haskensa ba zai yi ta zuza, ya yi rawa, ya ɗau zafi, ya mutu da wuri. Kada ka gwada. Mai tsohon tsarin X10 kuma, wanda ke aika umarni ta cikin wayoyin wutar gida, ya sani cewa hayaniyar lantarki da fulorasan ke sakawa a cikin wayoyin kan danne saƙon.

A wajen kuɗi fulorasan ne ke gaba. Mai zare na wat 60 da fulorasan na wat 14 kusan haskensu ɗaya. A awa 8,000, na farko zai sha kilowat-awa 480, na biyu 112. Kuma mai zare yakan yi kimanin awa 1,000 ne, wato sai ka canja wajen takwas kafin fulorasan ɗaya mai kyau ya gaji. Arahar mai zare a ranar saye kawai take.

Amma wannan lissafin na fitilar da ke daɗewa a kunne ne. A lungu ko bayan gida inda na'ura ke kunna wuta duk sanda mutum ya gifta, yawan kunnawa da kashewa yana karya fulorasan tun bai biya kuɗinsa ba.

Ni dai inda fitila ke kwana a kunne, fulorasan zan sa, da makunni mai nutural wanda aikinsa kunnawa da kashewa kawai. Inda nake son rage haske, ko akwatin ba shi da nutural, mai zare zan bari, ko in nemi ƙwan LED da kamfanin makunnin ya ambata cewa suna jituwa.