Sharhi: zagayen kufan Forum na birnin Rum tare da ɗan jagora

Tikitin shiga Kolosiyum, tsohon filin wasannin Rumawa a birnin Rum na Italiya, da shi ne dai ake shiga Forum da tudun Palatino. Yuro 18 ne lokacin da na je, kuma da sunan mutum ake yanka shi, saboda haka a riƙe fasfo. Yawancin maziyarta Kolosiyum ne a ransu, Forum kuwa sai sun gaji suke leƙa shi a gurguje. Ni Forum ya fi taɓa min zuciya, kuma ƙarin kuɗin da na biya wani kamfani don shiga ayarin ɗan jagora bai tafi a banza ba.

Forum shi ne dandalin tsohon birnin, inda kasuwa da kotu da majalisa da wuraren bauta suka haɗu. Da can fadama ce tsakanin tuddai, sai da aka gina babban magudanin ruwa mai suna Cloaca Maxima ta bushe. Yau kam karyayyun ginshiƙai da tarin duwatsu ido ke fara gani, wanda ba shi da mai yi masa bayani zai iya wuce abin mamaki bai sani ba.

Ga misali. Jagorarmu, wata dattijuwa da ta karanci ilimin tonon kayan tarihi, ta tsayar da mu gaban haikalin sarki Antoninus da matarsa Faustina na shekarar 141 miladiyya, ta ce mu ɗaga kai. Can sama ga koriyar ƙofa, babu matakalar da ta kai gare ta. An mai da ginin coci, kuma lokacin da aka sa ƙofar daidai take da ƙasa. Haka turɓaya da ɓaraguzai suka binne dandalin, har ya koma makiyaya ana kiransa Campo Vaccino, filin shanu, kafin a tone shi sosai a ƙarni na 19.

Inda na fi daɗewa shi ne ƙofar nasara ta Septimius Severus, wadda aka gina a 203 don tunawa da yaƙe-yaƙensa da Fartiyawa, masu mulkin ƙasar Farisa a lokacin. Wannan sarki ɗan Afirka ne, haifaffen Leptis Magna a Libiya ta yau, kuma na ji daɗin ganin sunansa a tsakiyar Rum. Amma akwai abin takaici a rubutun da ke saman ƙofar. Ya bar 'ya'ya biyu a kan mulki, Caracalla da Geta. A ƙarshen 211 Caracalla ya sa aka kashe ƙanensa, ya kuma sa aka kankare sunansa daga gine-gine. Jagorar ta nuna mana layin da aka sassaƙe aka sake rubutawa. Ramukan da suka riƙe tsofaffin haruffan tagulla suna nan, da su masana suka gano abin da aka goge. Allon bayani ba zai sa ka lura da wannan ba, sai an nuna maka da yatsa.

Kusa da nan ga Curia, zauren majalisar dattawa, ginin jan bulo da ya tsira saboda an mai da shi coci a 630. Ga kuma wurin da aka ƙone gawar Julius Caesar shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗan tudun ƙasa ne a ƙarƙashin rumfa, har yanzu mutane na ajiye furanni da tsabar kuɗi. Ba a Forum aka kashe shi ba, a zauren Pompey ne, wajen da ake kira Largo Argentina yanzu.

Ƙorafina kan kamfanin ne. Ayarin ya yi yawa, na'urar kunnen da suka raba tana ta ƙara, da ka ɗan yi baya sai muryar ta ɗauke. Lokaci ma ya ƙure mana, ƙofar Titus da ke nuna sojojin Rum ɗauke da kayan haikalin Ƙudus bayan yaƙin shekarar 70, kallo ɗaya muka yi mata. Ga wanda ya biya kuɗinsa, wannan bai dace ba. A tambayi yawan mutanen ayari kafin a biya.

Inuwa kaɗan ce, rana kuma ba ta da sauƙi a lokacin zafi, gara a shiga da sassafe. Duwatsun titin Via Sacra ba a daidaite suke ba, a sa takalmi mai riƙe ƙafa, mai tsoho a ayarinsa kuma ya shirya tafiya a hankali. Akwai famfunan ruwan sha kyauta, gora kawai za a zo da ita. Gidan Augustus a Palatino sai da tikiti na musamman, amma hawa tudun yana cikin tikitin yuro 18, kuma daga lambun Farnese ne ake hango dandalin gaba ɗayansa.